Darasi na 9: Betarab da Ganyensa

Daga watan Disamba zuwa Maris, kasuwar Dole ta Damagaram cike take da kayan garka. Tun da sassafe ake sauke su daga garaken Mirriya, mai nisan kilomita 18 daga birni, da na Gidimuni, da na kwarin Korama ta wajen Matamai da Magarya. Ga salati, ga kabeji, ga karas da tumatir da albasa mai lawashi. A tsakaninsu za ku ga betarab, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira bitrut: dunƙulallen kai ja mai duhu, da 'yar jela a ƙasa, da dogayen ganye masu jan kara a sama.

Ku lura da abin da ke faruwa in an zo saye. Mai saye ya zaɓi kai uku ko huɗu, mai kaya ya sa wuƙa ya datse ganyen ya wurga bayan rumfa, inda akuya ke jira. Ba mai ganin an yi asara. Alhali in ana maganar abin da ke gina jiki, akuyar ce ta tafi da kaso mai tsoka. A wannan darasi za mu koyi yadda ake dafa kan da ganyen duka, su zama mahaɗin tuwo, shinkafa ko dambu. Za mu kuma san abin da betarab ke yi wa jiki, da abin da ake jingina masa wanda ba ya yi.

Ganye aka fara ci

Asalin betarab wani tsiron daji ne da ke fitowa a bakin tekun Bahar Rum. Girkawa da Rumawan da, don ganyensa suka fara shuka shi. Saiwarsa a wancan zamani siririya ce mai tauri, an fi yin magani da ita. Sai wajen ƙarni na 16 manoman Turai suka samu irin mai ƙaton kai. Har gobe akwai ɗan'uwansa da ba ya yin kai ko kaɗan, ganyen kawai ake noma, kuma Larabawa da Turawa na cinsa sosai. Akwai wani ɗan'uwan kuma fari: a 1747 wani masani Bajamushe, Andreas Marggraf, ya gano cewa sukarin da ke cikin betarab ba shi da bambanci da na rake, yau kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar na sukarin duniya daga wannan farin ake yinsa.

Noman garka ba baƙo ba ne a ƙasar Damagaram. Tun zamanin sarakunan da ana ban ruwa ga albasa da barkono da taba. Amma salati da karas da kabeji da betarab sun shigo mana ne a zamanin Turawan Faransa, waɗanda suka ci Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin Nijar daga 1911 zuwa 1926. Abin da ya ƙara yaɗa su cikin ƙauyuka shi ne farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta dage a kan noman rani. To da yake a farantin Bature muka fara ganin betarab, yanka-yanka cikin salati, sai muka tsaya a nan. Abin mamaki ne kuwa ga mutanen da ke cin zogale da rama da tafasa da yaɗiya da ganyen wake, waɗanda ko lawashin albasa ba sa barinsa ya lalace sai sun daka sun yi gabu, a ce ganye mai laushi irin wannan ne suke bar wa dabba.

Ja ba jini ba ne

Tambayi duk wanda ka ga dama amfanin betarab, amsar ɗaya ce: yana ƙara jini. Mai ciki in ta yi fari, a ce ta sha ruwan betarab. Yaro ya tashi daga zazzaɓi, a ce a ba shi. Dalilin a fili yake, abin ja ne, jini ma ja ne. Amma a nan kallon kitse ake yi wa rogo. Jan betarab wani launi ne na tsiro, ba ya shiga jijiya ya zama jini. Abin da jiki ke buƙata don ƙera jini shi ne sinadarin ƙarfe, tare da wasu bitamin.

Mu duba awon da masana abinci suka yi a kan giram 100, wato kamar matsakaicin kai guda. A cikin ɗanyen kan betarab akwai sinadarin ƙarfe miligiram 0.8. A cikin ɗanyen ganyensa mai nauyin haka akwai kusan miligiram 2.5, wato ninki uku. Bitamin C, wanda ke taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen, kusan miligiram 5 ne a kai, 30 a ganye. Bitamin A, mai kare ido daga dundumi da taimaka wa yaro ya jure cuta, kusan babu shi a kai, a ganye kuwa yana da yawa ƙwarai. Mace mai jinin haila tana buƙatar kusan miligiram 18 na ƙarfe a rana, mai ciki fiye da haka. Wadda ta dogara da kan betarab kaɗai, sai ta cinye fiye da kilo biyu kullum kafin ta kai wannan adadi.

Wannan ba raina kan ba ne. Yana da nasa alherin: yana ɗauke da sinadarin folet, wanda shi ma ana buƙatarsa wajen ƙera jini, kuma yana da muhimmanci ga ɗan tayi a makonnin farko na ciki. Giram 100 na ɗanye na ba da kusan rubu'in abin da babba ke buƙata a yini. Yana kuma da harza mai sauƙaƙa bayan gida. Ganyen ma kada a kai shi inda bai kai ba, domin ƙarfen da ke cikin kowane ganye ba duka jiki ke iya ɗauka ba. Na hanta da nama da kifi ya fi saurin shiga.

Dalilin dagewa a kan wannan magana shi ne girman matsalar. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna kashi 73 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da kashi 46 cikin ɗari na mata masu shekarun haihuwa, suna fama da ƙarancin jini. Kuma ba abinci kaɗai ke kawo shi ba. Zazzaɓin cizon sauro na fasa jini, tsutsar ciki na shansa, ga haihuwa kusa-kusa, ga sikila. Mai cikin da aka ba ƙwayoyin ƙarin jini a wurin awo, ta ajiye su ta koma shan ruwan betarab, ta cuci kanta. Ta sha maganinta, ta ci betarab ɗinta a matsayin abinci.

A rumfar mai garka

Ku karanta wannan hira biyu-biyu, ɗaya ya zama mai saye, ɗaya mai kaya.

"Baba, ina kwana? Ya kasuwa?"
"Lafiya lau, 'yata. Kasuwa alhamdu lillahi. Me za a ba ki?"
"Betarab nake so, amma don Allah kada ka yanke ganyen."
"Akuya gare ki a gida ke nan?"
"A'a, Baba, mu za mu ci. Kwaɗo zan yi wa yara."
"Ikon Allah! To ɗauki wannan damin, na safen nan ne, dubi yadda ganyen ke tsaye. Wancan tun jiya yake, ya yi yaushi."
"Wannan babban fa?"
"Bar shi, ya tsufa, cikinsa duk zare ne. Matsakaitan sun fi zaƙi."
"Na gode, Baba. Allah ya ba da kasuwa."
"Amin, 'yata. A gai da mutan gida."

Maganar Baba gaskiya ce. Kan da ya wuce girman dunƙulen hannu yakan yi tauri, ya ci itace wajen dafuwa. A zaɓi mai santsin fata, mai ƙarfi in an matsa, wanda ganyensa bai yi rawaya ba. Da an iso gida a raba ganyen da kan nan take, domin in an bar su tare ganyen zai ci gaba da janye ruwan kan har ya motse. Wurin yankan yana da ƙa'ida: a bar kara kamar faɗin yatsa biyu a jikin kan, kuma kada a taɓa jelar. Ganyen a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle a ajiye gindin randa, a dafa shi ranar ko washegari. Kan kuwa, in ba a wanke shi ba, aka binne shi cikin yashi mai ɗan danshi a inuwa, yana yin makonni a lokacin sanyi.

Dafa kan

A wanke shi da kyau a cire ƙasa, amma kada a fere shi, kada a yanka shi. Duk inda wuƙa ta shiga, ta nan launi da zaƙi da folet za su tsiyaye cikin ruwa, a sauke abu fari-fari marar ɗanɗano. A zuba ruwa ya rufe shi, a sa gishiri kaɗan, a rufe tukunya. Ƙanana na nuna cikin minti 30, manya na iya kai awa guda. In tsinke ya shige har tsakiya ba gardama, ya yi. Sai a tsame a tsoma a ruwan sanyi. A nan za ku ga abin sha'awa: da an murza da babban yatsa, fatar za ta saɓule da kanta, jan naman ya fito yana sheƙi, ko wuƙa ba a nema. Hannu zai rine, amma ɓawon lemun tsami na goge shi.

Itace na da tsada, ba kowace uwar gida ce za ta hura wuta awa guda don betarab ba. Dabara ita ce a bi wutar da aka riga aka hura. In ana turara dambu ko shinkafa, a jera ƙananan kawuna a madambaci. In an gama tuwon dare, a binne su cikin toka mai zafi da 'yan garwashi kamar yadda ake gasa dankali. Wannan ya fi kowanne zaƙi, don ruwa bai taɓa shi ba.

In ya huce a yanka shi ƙanana, a yanka albasa siri-siri, a matsa lemun tsami, a zuba cokali ɗaya na man gyaɗa, gishiri da ɗan yaji. Wasu ba sa son betarab saboda wani ƙamshin ƙasa da yake yi, irin na farkon ruwan sama. Tsamin lemun na kwantar da shi, yana kuma sa jan ya ƙara haske. Mayonez da masu salatin bakin titi ke lafta masa ba dole ba ne, kuma a zafinmu saurin lalacewa gare shi.

Dafa ganyen

Wankin ganye ya fi na kai muhimmanci. Yashi na maƙalewa a gindin kara, kuma ba kowace garka ake ba ruwa mai tsabta ba. Wasu da ruwan tabki ake ba su. A cika roba da ruwa, a girgiza ganyen a ciki, a tsamo shi sama. Kada a tsiyaye ruwan ta kansa, don yashin da ya kwanta zai sake hawa. A maimaita har sai ba a ga komai a gindin roba ba. A wanke kafin a yanka, ba bayan an yanka ba. Kuma wannan ganye dafa shi ake yi, ya fi aminci.

A zare jajayen karan daban a yanka su ƙanana, ganyen kuma a yanka shi manya-manya. A ɗora tukunya da cokali biyu na man gyaɗa, a soya albasa guda da tafarnuwa, a zuba karan su fara yin laushi kamar minti uku, domin sun fi ganyen tauri. Sai tumatir biyu, tattasai, gishiri, da 'yar daddawa, ta kalwa ko ta batso, duk wadda aka saba. A ƙarshe a zuba ganyen da ɗan ruwan wankin da ke jikinsa, a juya, a rufe. Minti biyar ya isa. Tukunyar da ta cika fal za ta koma 'yar kaɗan, kada wannan ya ba ku tsoro, haka alayyafo ma ke yi. Bayan an sauke sai a matsa lemun tsami. Mai son ya haɗa duka biyun a kwano ɗaya sai ya zuba yankakken dafaffen kan a ciki, ya juya sau ɗaya.

Man nan ba don daɗi kawai ake sa shi ba. Bitamin A ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, don haka ganyen da aka dafa da ruwa zalla an rage masa amfani. Shi ya sa kwaɗo ya dace da shi ƙwarai: a tafasa ruwa, a jefa ganyen minti biyu zuwa uku, a tsame a matse, a haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, yaji da ɗan mai. Ana iya cakuɗa shi da zogale ko rama, a gidan da ba a saba da shi ba ma ta nan ya kamata a fara. Yana shiga dambu, yana shiga miyar taushe, yana shiga fate.

Sai maganar kanwa. Mun saba jefa ta cikin ganye don ya yi laushi da wuri, kuma a ƙasar nan ba ta da wuyar samu. Ganyen betarab ba ya buƙatarta, laushinsa ya ishe shi. Kanwa na kashe bitamin C da wasu bitamin, in kuma ta haɗu da kan sai ta mai da jan nan ya koma wani ɗorawa-ɗorawa marar kyan gani. Abu na biyu shayi ne. Yana hana hanji ɗaukar ƙarfen da ke cikin ganye da wake da hatsi. Ba a ce a bar shayi ba, wa zai iya raba mutanen Damagaram da butar shayi? A dai jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci, musamman mai ciki da mai shayarwa.

Inda ake hattara

Wasu mutane in sun ci betarab fitsarinsu kan yi ja, bayan gida ma haka. Launin ne ke fita, ba ciwo ba ne, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu yake wucewa. Amma a wurinmu wannan magana na buƙatar kula, saboda tsargiya. Yaran da ke wanka da wasa a tabkuna na kamuwa da ita, alamarta kuwa jini ne a fitsari, galibi ɗigo-ɗigo a ƙarshensa, wani lokaci da zafi. In jan ya zo bayan cin betarab ya kuma ɓace, ba komai. In ya ci gaba bayan kwana biyu, ko ya zo ba a ci betarab ba, a kai yaro likita. Tsargiya na da magani. Kada uwa ta ce ai betarab ne ta zauna.

Ganyen na da wani sinadari da ke taimaka wa tsakuwar ƙoda ta taru. Wanda ya taɓa yin wannan ciwo ya rage cinsa, in zai ci kuma ya bi hanyar kwaɗo, wato a tafasa a zubar da ruwan, ya kuma yawaita shan ruwa. Mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likitansa kafin ya mai da kowane irin ganye abincin kullum. Mai ciwon suga zai iya cin ganyen yadda yake so, kan kuwa kaɗan-kaɗan, ruwansa da ake tacewa a sha kofi-kofi kuma ya bar shi. Gaskiya ne bincike ya nuna ruwan betarab na ɗan sauke hawan jini, amma sauƙin kaɗan ne, kuma ba ya daɗewa, bai kai a ajiye magani dominsa ba.

Jariri ɗan ƙasa da wata shida nono kawai ake ba shi, ko ruwa ba a ƙarawa. Daga wata shida zuwa shekara, in za a ba shi betarab ko ganyensa, ɗan kaɗan ne cikin kunu ko fate, ba kullum ba, kuma sabon dafuwa. Dafaffen ganyen da ya kwana cikin zafi ba na yara ba ne, manya ma gara a dafa daidai ci.

Ga mai ɗan fili a gida

Betarab ɗan sanyi ne. Ana shuka shi daga Oktoba zuwa Disamba, a cire bayan wata biyu zuwa uku. In zafin Afrilu ya riske shi sai ya yi tauri. Kowace ƙwayar iri da kuke gani tarin iri ne a dunƙule, shi ya sa rami ɗaya ke fitar da tsiro biyu ko uku. Dole a rage, a bar tazarar faɗin tafin hannu tsakaninsu, kuma waɗanda aka tuge su ne ganye mafi laushi, tukunya za su. Yana jure ƙasa mai ɗan gishiri fiye da yawancin kayan garka, abin da zai amfani masu garka a kwaruruwan da kanwa ke tasowa. Tun kafin kan ya ƙosa ana iya tsinkar ganye ɗaya ko biyu na waje daga kowane tushe, a bar na tsakiya. In ganye ya yi yawa a shanya shi a inuwa kamar yadda ake yi wa zogale, a adana don bazara.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa ba a fere betarab kafin a dafa shi?
2. Giram 100 na ganye na da ƙarfe miligiram 2.5. Nawa ke cikin giram 300? Kai nawa masu nauyin giram 100 za su ba da kusan wannan adadi?
3. Yaro ya yi jan fitsari. Waɗanne tambayoyi za ku yi wa uwarsa kafin ku ba ta shawara?
4. Maƙwabciyarku mai ciki ta ajiye ƙwayoyin da aka ba ta a wurin awo, ta ce ruwan betarab ya ishe ta. Ku rubuta jimla biyar na abin da za ku faɗa mata, cikin ladabi.

Aikin gida: ranar kasuwa mai zuwa kowane rukuni ya sayo dami ɗaya da ganyensa. Rukuni na farko ya yi kwaɗo, na biyu ya soya ganyen, na uku ya gasa kan a toka. Ku rubuta kuɗin da kuka kashe, da tsawon lokacin da dafuwar ta ɗauka, da adadin mutanen da suka ci, ku zo da shi aji mu kwatanta.